Jaririn Batulu

Mama Glory,

Ina gaisuwa, ya ƙafar taki? Tun da kika yi ritaya ɗakin jarirai ya zama maraya.

Shawara nake nema. Muna da wani bakwaini, huhunsa bai nuna ba, jini kuma ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Inji ne kawai ke riƙe da shi. Uban, Alhaji Sabo, dillalin shanu a Dei-Dei, ya roƙe ni da hawaye kada uwar ta san yaron ba zai rayu ba, wai cikinta uku sun zube, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Batulu sunanta. Kullum sai ta tatso nono a kofi ta kawo, ta ce, "Likita, yau ya sha?" Ni kuma in ce muna ƙoƙari.

Ya zan yi, Mama?

'Yarki,
Yusra

Yusra 'yata,

Na gode da gaisuwa, ƙafa da sauƙi. Ki gaya mata yau. Alhaji tausayi ne ke damunsa, amma ita ta haifi yaron nan. Ki cire wayoyin da ba su da amfani, ki ba shi maganin ciwo, ki sa mata shi a ƙirji tun yana da ɗumi. Kar ki jira kowa.

Allah ya taimake ki.
Glory

Mama,

Barka da war haka. Ban iya tsallake Alhaji ba. Na zaunar da shi, ya yarda, amma ya ce in bari ya dawo daga masallacin Juma'a mu gaya mata tare. Na amince. Kafin a idar da salla yaron ya cika, a cikin kwalbar ɗumama jarirai, ba hannun kowa a jikinsa.

Ina rufe shi Batulu ta shigo da kofinta. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ashe duk kun sani." Da na miƙa mata shi, ta ce ya yi sanyi, a ƙaro zane.

Na kasa shiga ɗakin tun ranar. Ina so in je gidanta in nemi gafara.

Na bar ki lafiya,
Yusra

Yusra,

Sannu. Kar ki je, ki bar ta da makokinta. Abin da ta rasa ba ki da shi da za ki mayar mata. Ki koma aiki, akwai sauran yara a ɗakin.

Ina yi miki addu'a.
Glory