Ranar da Majigi Ya Yi Shiru a Pauwa

Assalamu alaikum, Yaya Lawal. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata Allah ya sa kana cikin rahama.

Ɓacin rai ne ya sa na rubuto maka. Jikana Kabiru ya je inda ake ajiye tsofaffin takardun zamanin Turawa, yana neman labarin yajin aikin da kuka yi, ku ma'aikatan motar majigi. Abin da ya samo layi ɗaya ne, wai inji ya lalace a Pauwa, shi ya sa ba a gama nuni ba. Yaya, ƙarya suka rubuta. Ina wurin da farantin gyaɗata, kuma har yau ina jin ƙarar injin nan a kunnena.

Kai ne mai bayani. Hotuna suna motsi a jikin farin ƙyalle, kai kuma kana faɗa wa jama'a abin da suke gani, da muryar nan taka mai cika fili. Kafin komai sai ka gaida dagaci ta lasifika, ka yi masa kirari. Haka kuka saba daga Faskari har Ƙanƙara.

A daminar da abin ya faru mota ta kafe a hanyar Sabuwa, aka sa leburori ɗaukar inji a ka. Ɗaya daga cikinsu, Ɗan'azumi, ya zame, ƙafarsa ta karye, Baturen da ke shugabantarku ya sallame shi ko magani babu. Kuka yi rantsuwa ba wanda zai sake aiki sai an mayar da shi. Garin da ke gaba kuwa namu ne, Pauwa.

Bayan magariba fili ya cika maƙil. Baturen ya tayar da inji da kansa, hoton gonar auduga ya fito. Kai kana tsaye gaban lasifika, hannunka a baya. Ba gaisuwa, ba kirari. Yara ma suka daina guje-guje.

Dagaci ya juya ya dubi Baba, ya nuna ka da haɓa. Kowa ya gane nufinsa. Ba ka taɓa musa wa Baba ba, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta karya yajin. Na ga gumi yana bin wuyanka, ka kasa duban inda yake.

Baba ya miƙe. Na zaci wurinka ya nufa, har na rufe ido. Da na buɗe, sai na hango shi riƙe da takalmansa, ya bi hanyar gida.

Sauran ka sani. An kore ka, dagaci ya karɓe fadamar da Baba yake nomawa, ka koma Damari ka kama fartanya. Ka rayu kana zaton fushi ne ya tayar da Baba, kunya ta hana ka tambayarsa har ya rasu. Ni ma sai bayan rasuwarka Inna ta gaya mini abin da ya ce da ya shigo gida: “In na ce mashi yi, yi zai yi. Shi ya sa ban ce ba.”

Ba fushi ba ne, Yayana. Tare kuka yi shirun nan.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Baba da Ɗan'azumi, ya haɗa ku inda za ka ji wannan magana daga bakinsa. Amin.

Taka ƙanwa,
Indo