Ni Ce Ban Faɗa wa Baba Kada Ya Yi Sujada Ba

Zuwa ga Shugabar Sashen Kula da Masu Ciwo Mai Naci, a asibitin da aka sa wa mahaifina na'ura a baya.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da ma'aikatanki. Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Innata: na yi wa mahaifina ƙarya a ɗakin likitanku, likitan yana zaune yana yi mini murmushi, don bai san abin da nake cewa ba.

Sunana Balkisa, shekaruna goma sha shida, muna zaune a garin Gaithersburg, nan Amurka. Ina da shekara goma Inna ta taho da ni daga Maradi. Baba direban taksi ne, kafin ciwo ya zaunar da shi. Hausa da Faransanci yake ji, Turancinsa kuwa na hanya ne: hagu, dama, filin jirgi, na gode. Shekara huɗu da suka wuce aka yi masa aiki a gadon baya. Wurin ya warke, amma ciwon ya gangara ƙafar hagu ya tare. Tun daga nan a kujera yake salla. A masallaci ma kujerarsa tana can gefe, cikin ta tsofaffi, alhali bai kai hamsin ba.

Bana kuka sa masa siraran wayoyi kusa da lakar baya, da ɗan batir a ƙarƙashin fatar ƙugu, kuka ba shi ɗan abin dannawa. In ya kunna, sai ya ji kamar tururuwa na tafiya a ƙafar maimakon wuta. Wallahi ta yi aiki, ba zan ci haƙƙinku ba. Amma ranar Litinin takardarku ta iso, tana cewa wayar ta goce daga wurinta saboda majinyaci bai bi umarni ba, kuma mako mai zuwa za ku zauna ku yanke ko a gyara ko a cire na'urar gaba ɗaya. Wannan layin ne ya sa na ɗauki biro.

Na ɗaya. Duk zuwan da muka yi, ba a taɓa kawo wa Baba tafinta ba. Ranar farko ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi ta ji ina Turanci, ta ce ai shi ke nan, an huta. Na ji daɗi ma, abin kunya. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ga ni ana jiran abin da zan ce.

Na biyu. Ba wanda ya tambayi ko ni wace ce a wurinsa. Ni ce 'yar fari. A wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya sakin jiki da shi. Baba bai taɓa cewa Balkisa ba a gabana, sai dai ke, ko yarinya. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma ita ce son. Ni ma ba na kallon idonsa. To, wannan yarinyar kuka sa ta tambaye shi ko yana iya riƙe fitsari, da yadda yake bayan gida. Ƙasa nake kallo in haɗiye rabin maganar. Likita yana ganin bakina ya motsa, sai ya rubuta an yi bayani.

Na uku. Ranar da aka sallame shi, maganin barci bai gama sakinsa ba aka miƙo takardun dokoki, duk da Turanci, aka damƙa mini. Na ninke su na sa cikin littafin soyayyar da nake karantawa, irin waɗanda ɗiyar gwaggona take aiko mini daga gida. Jiya na buɗe littafin na same su, daidai shafin da na tsaya.

Na huɗu, kuma a nan laifina yake. Mako biyu bayan aikin muka koma a duba ɗinki. Baba ya sa sabuwar shadda. Ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, in tambayi likita ko yanzu goshinsa zai iya taɓa ƙasa. Na tambaya ko zai iya sunkuyawa. Likita ya ce sam, sai an ƙara aƙalla mako huɗu, don wayar ba ta gama kama jiki ba. Na ji sarai. Na juyo wajen Baba, sai bakina ya ƙi faɗin kalmar kada. Ta yaya zan hana ubana sujada? Kuma, in faɗi gaskiya duka, na ga abin kamar babin ƙarshe a littattafaina, inda wanda ya sha wuya yake samun abin da ya daɗe yana jira. Na so in zama wadda ta kawo albishir. Na ce masa likita ya ce zai iya, amma a hankali.

Da la'asar ya janye kujerar da kansa ya shimfiɗa darduma. Ina leƙe daga kicin. Ya daɗe a sujadar farko har Inna ta tsorata, da ya ɗago gemunsa ya jiƙe. Kwana tara ya yi yana salla haka. A na goma tururuwar ta bar ƙafa ta koma haƙarƙari, wutar ta dawo inda take. Da muka koma asibiti hoto ya nuna wayar ta goce, likita ya yi faɗa, ni kuma na fassara faɗan da cewa yana jajanta masa. Baba ya ce haka Allah ya so, ya mayar da kujerarsa. Har yau yana cewa ni ce idonsa a ƙasar nan.

Ranki ya daɗe, mutumin da ya haƙura shekara huɗu a kujera ba zai kasa mako huɗu ba. Ba a gaya masa ba ne.

Don haka nake roƙo. A goge wancan layi daga fayil ɗinsa, in dole sai an rubuta mai laifi, a rubuta ni. A gyara masa wayar. Kuma ranar da za a yi masa bayani a kawo babban mutum mai jin Hausa ko Faransanci, wanda ba ɗansa ba. Buɗaɗɗiyar wasiƙa na yi don iyayenmu Hausawa mazauna nan su gani, ban zaci ni kaɗai ce 'yar da aka zaunar a kujerar tafinta ba.

Za ki ga da Hausa na rubuta, alhali na iya Turanci. Da gangan ne. Sai kin nemo wanda zai fassara miki, kuma za ki ga ana samu.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa albarka a hannun likitocinki, Ya raba bayanki da irin wannan ciwo.

Sau uku na kwafe ta, sau biyu na yaga. Wannan ba za ta koma cikin littafi ba. Gobe zan kawo miki da hannuna. Amma Baba yana karanta Hausa, kuma ga shi can ya idar da azahar a kujerarsa. Shi zan fara miƙa wa, in durƙusa, in jira ya kai ƙarshe.

Wassalam.

Balkisa, ɗiyar majinyacinku.