Tayar Baya ta Ciki

Eivind,

Kada ka tayar da bas ɗin nan da muka mayar ɗakin kwana. Na kira ka sau bakwai, ashe wayarka na kan gado, ni kuma in ban fita yanzu ba jirgin ruwa zai tafi ya bar ni, in makara aiki.

Allon iskar taya ƙarya yake maka, kuma ni na jawo. Ranar Talata da yake ta kuka a kan tayar baya ta ciki, ta hagu, ka ce sanyi ne kawai, ni kuwa kaina kamar zai tsage. Da ka shiga kanti sai na kwance 'yar na'urar da ke auna iskar daga bakin hura iskar tayar na ɗaura wa tayar safaya. Kwana huɗu ke nan iskar safaya kake karantawa.

Ɗazu na durƙusa na buga wa tayar guduma. Lakwas take, ga kan ƙusa a jikinta. Cikin tayoyin biyu da ke jere, ta wajen ce kaɗai ke ɗauke da gefen nan, da murhu da tankin ruwa da mu.

Na san yau za ka kai mamarka asibiti a Bergen, kuma na san halinka, za ka ce "ai za ta kai mu." Ba za ta kai ku ba, ba a gangaren nan ba. Don Allah ka ari motar maƙwabcinmu Halvard. Lambar mai faci na jikin firij.

Makullan bas ɗin duka biyu suna jakata. Ka yi fushi son ranka. Ƙarfe biyar zan dawo, ni dai in same ka kana yi.

Torunn