Waken da Bai Ji Gishiri Ba

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da maigidanki da jikokina. Ina fata ƙaramin ya rabu da tarin nan, ke ma kina cikin ƙoshin lafiya.

Ba zan ɓoye miki ba. Tun da aka sallamo mamanki bayan aikin da aka yi mata a ƙugu, cokali biyu take yi ta ture kwano. Likita ya ce ɗinkin ba zai kama ba sai tana cin abinci mai gina jiki, nama marar kitse da wake, in ba haka ba zai mayar da ita gadon asibiti. Ita kuwa ta ce in ta koma can ba ta jin za ta fito da ƙafarta.

Yayarki ta ce a ɗauko mai girki. Na ce mutumin da ya fara da zarton aro har ya tara ma'aikata a shagonsa, tukunya ba za ta gagare shi ba. Na sayo ƙirjin talo-talo na dafa shi ba mai, na jiƙa wake ya kwana, na dafa na tsane. Na yanka tumatir da kokwamba da latas, kowane yanka daidai da ɗan'uwansa kamar na sa tef na auna, na ɗiga man zaitun. Salad ɗin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Ta kalla, ta ce an gode, ta juya fuska bango.

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Ba ki san mamanki ta da ba. Muna ɗaki ɗaya a bayan shago, garin katako har cikin randa, kujerar farko da na ƙera zama ta yi a kai ta ce gurguwa ce, sai dai a saya mata sanda. Duk abin da na yi sai ta samo masa aibu, in yi fushi, in koma in gyara. Haka na zama kafinta. Bakin nan nake kewa.

Ki sa ta a addu'a.

Naki,
Babanki

Autata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso, Allah ya yi albarka.

Albishirinki. Ranar nan ina tsakiyar haɗa salad ɗin aka kira ni a waya kan wata ƙofa da ta ƙi shiga, na manta ban sa gishiri ba. Ta kai cokali ɗaya don kada in ji kunya, sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kafinta, wa ka yi niyyar kashewa da wannan lamin?"

Rabon da ta kira ni da sunan nan tun ba a haife ki ba. Ta sa na kawo gishiri, ta barbaɗa kaɗan, ta ɗanɗana. Ta ce ina albasa, na kawo, ta ɗanɗana. Ta ce naman yagawa ake yi da hannu, ba a yi masa yankan katako, ta yaga ta ɗanɗana. Kafin ta gama wanke ni tas, kwano ya kai rabi.

Sai na tuna, duk zamanmu ban taɓa ganin ta zauna an kawo mata abinci ba. A tsaye take ci a bakin murhu, da sunan jin gishiri.

Yanzu kullum ina barin abu ɗaya da gangan. Har kujera ta sa aka ajiye mata a ƙofar kicin don ta riƙa sa min ido. Jiya likita ya duba ɗinkin ya ce ya kama, babu maganar komawa gado. A gabansa da ma'aikatan jinya ta ce mijinta da furfurarsa ko wake bai iya dafawa ba. Suka yi ta dariya. Ni da ake miƙe min tsaye in na shiga shago, na haɗiye, har na gyaɗa kai.

Wannan ya tsaya tsakanina da ke, kada ko yayarki ta ji. Gobe lemun tsami zan manta.

Naki har kullum,
Babanki