Yatsu Biyu a Wuyan Jita

Gonin Gora, Litinin

Malam Ibrahim,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Talatu da jikoki. Ga tsohuwar jitata na aiko da mai keke, takarda a cikinta kamar yadda muka saba tun zamanin dokar hana fita. Da waya zan kira ka, to amma injinan masaƙa sun cinye maka kunne, sai in yi ta ihu har maƙwabta su san cikina.

Ka kwantar mini da tsirkiyoyin kusa da wuya, ka sa masu laushi. Bikin 'yata Jemimah saura mako huɗu. Ta ce ba ta son makaɗan haya, kiɗan nan na buluz take so, wanda na tsara wa marigayiya uwarta. Kada ka yi mini nawar kafintoci.

Naka,
Monday

*

Makera, Laraba

Monday,

Bayan gaisuwa da tambayar gida. Jita ta iso, kuma tun da na buɗe ta hankalina bai kwanta ba.

Shekara talatin ina gyara maka ita. Kai ne kake kiran tsirkiya mai laushi zaren ɗinki, ka ce buluz sai da mai tauri, wadda za ka tura sama da yatsa har ta yi kuka. Yau kai ke neman zaren ɗinki?

Kunne ne ba ni da shi, idona garau. Na duba wuyan jitar a rana. Inda kake tura tsirkiya ƙura ta kwanta. Tsirkiya ta ɗaya da ta uku kaɗai suka yi sheƙi daga sama har ƙasa, sauran huɗun sun fara tsatsa. Da yatsu biyu kake kiɗa, Monday. Ina sauran biyun?

Ka faɗa mini gaskiya. Na bar ka lafiya.

Ibrahim

*

Gonin Gora, Juma'a

Malam,

Na gaishe ka. Kafinta da idon boka, Allah ya shirye ka.

To, ji. Wata biyu ke nan ƙaramin yatsana na hagu da na kusa da shi ba sa jin magana. Na tsikare su da allura, kamar na tsikari katako. Makon jiya kofin shayi ya sulluɓe daga hannuna, na ce wa Jemimah zafi ne.

Ka tuna babana. Haka nasa ya fara, da yatsu. Daga nan baki ya karkace, ya yi shekara shida a kan tabarma muna juya shi, yana kallonmu ba ya iya kiran sunan kowa. Tsoro nake ji, Ibrahim. Kowace safiya kafin in yi addu'a sai na je madubi na duba bakina.

Amma na sami dabara. Ka san yadda ake kama kod, wato danne tsirkiyoyi a tare, da yatsu uku ko huɗu. To, na zubar da sauran, na riƙe tsirkiya biyu kawai da manuni da na tsakiya, ina jan kamun nan yadda yake, sama da ƙasa a wuyan jita. Murya biyu ke fita tare, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar ni da marigayiya matata Naomi a ƙungiyar mawaƙan coci. Har ya fi na da daɗi, ka yarda da ni.

Asibiti sai bayan biki. In na je yanzu za su kwantar da ni, yarinyar nan ta ɗaga aurenta, ga ta ba uwa. Wannan magana tsakanina da kai ce. Ka aiko mini kayata.

Monday

*

Makera, Asabar

Monday,

Gaisuwa. Na gyara jita, amma ba za ta bar shagona ba sai na ga katin asibiti.

Ni na kama ƙafafun babanka ranar da muka sa shi a mota. Ba zan kama naka ba. Ka ce amana ce, na ji. Amma abin da ya ci doma ba ya barin awai, kuma ciwon nan ba ya duba ranar biki. Takarda biyu na ba mai keke yau. Ɗaya taka, ɗaya ta Jemimah. Ka zage ni in ka ga dama, ai ba ji zan yi ba.

Ibrahim

*

Makera, Litinin ta sama

Monday,

Ina gaisuwa. Kwana tara ke nan babu amsa. Talatu ta kira wayarka sau bakwai, a kashe. Mai keke ya ce ya tarar da gidanka da kwaɗo, maƙwabta suka ce an fita da kai tun ranar Talata.

Ko abinci ba ya wuce mini. Jita na rataye a gabana, duk ɗaga kai sai na gan ta. In fushi ne, ka rubuto zagi, layi ɗaya ya isa.

Ibrahim

*

Asibiti, Laraba

Baba Ibrahim,

Ina gaishe ka da girmamawa, kai da Mama Talatu. Ka yafe mini shirun, ban bar gefen gadon babana ba. Wata maƙwabciya ce ta kawo mini takardarka yau.

Da na karanta takardarka ta farko, kwana biyu muna rigima da shi. Ya ce kai maci amana ne, ni kuma marar kunya. Ranar Talatar makon jiya na ce masa in bai shiga mota ba, babu aure. Ya shiga yana ƙunƙuni.

Muna kan benci muna jiran likita, yana ba ni labarin yadda ka taɓa manna masa jita da gam ɗin takalmi, sai maganar ta narke a bakinsa. Na ga gefen fuskarsa ya zube. Baba, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Nan take aka shiga da shi. Likita ta ce jininsa ya hau sosai, da a gida abin ya same shi, da labari ya sha bamban.

Bakin ya fara dawowa. Hannun hagun ne ba mu sani ba tukuna. Na ce a ɗaga biki, ya buga gado da hannun dama har ma'aikaciya ta leƙo. Jiya na ga yana jan yatsu a kan ƙarfen gado, sama da ƙasa.

'Yarka,
Jemimah

*

Asibiti, Juma'a

Malam,

Gaisuwa a taƙaice, don ban yafe maka ba.

Ga katin da ka nema. Manuni ya motsa yau da safe. Na tsakiya yana shawara.

Ka kawo jitar da kanka, kada ka aiko. Ranar biki kuma kujerar gaba za ka zauna. Na san ba za ka ji komai ba. Hannuna nake so ka kalla, in ka ga ya tsaya, ka taso.

Naka,
Monday