Liƙin Da Ya Sa Aka Cire 'Yata Daga Waƙa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban tsohon zauren kiɗe-kiɗe na birnin Guangzhou,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, har da ƙattin nan biyu da suka sauko da ni daga dandamali. Ni ce Hajiya Rakiya mai labule daga Kano, mahaifiyar Zainab, ɗaya daga cikin ɗaliban jami'a da suka rera waƙa a zaurenku ranar Asabar, makon baje kolin Pazhou. Jiya aka cire ta daga ayarin mawaƙan saboda abin da na yi.

1. Takardar da kuka raba a ƙofa, wadda Zainab ta fassara mini, ta ce talakawan gari ne suka yi karo-karo suka gina zauren tun zamanin kakanninku, don kowa ya samu wurin farin ciki. Na zo da nawa farin cikin, aka riƙe mini hannu.

2. A wurinmu, idan ɗanka ya burge, tashi kake ka liƙa masa kuɗi a goshi. Abin da ya hau da ni dandamali ke nan. Ranka ya daɗe, ka san wahalar samun kuɗin takarda a garin da mai rake ma da waya ake biyansa? Wuni guda na yi ina zaga shagunan unguwar Xiaobei, kowa "meyo", wato babu.

3. Ban musa ba, na liƙa wa mutumin nan mai kaɗa 'yar siririyar sanda da ya juya wa jama'a baya. Na ga shi kaɗai yake gumi, ko ganga ba a ba shi ba. Tausayi ne, ban san shi ne jagoran mawaƙan ba.

4. Jama'arku kuwa na zaune tsit kamar gidan makoki, yara na ta ƙoƙari babu mai ko guɗa. Wallahi abin ya ba ni haushi.

Ga roƙona. Shekara biyu yarinyar nan tana zuwa gwajin waƙa, ko ruwa ko rana, kuma tun Asabar ba ta ɗaga wayata ba. Wannan ne ya hana ni sakat. A mayar da ita. Idan dole sai an hukunta wani, a manna hotona a ƙofa, a hana ni shiga har abada. Zan tsaya a waje, ko ta bayan bango zan gane muryar 'yata.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare zauren, ya ba ka ɗan da zai sa ka manta da doka.

Wassalam.
Hajiya Rakiya mai labule