Wanda Ya Sha Kaye a Giwa Tazo

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ɗiyarka Hajara ce. Ka san ni, magana a wuya take maƙale min, shi ya sa na ɗauko biro. Shekara biyu ke nan da rasuwarka, ga shi an yi wani abu da na san da kana nan sai ka sa an maimaita maka shi sau uku.

Ka tuna kokowar Turawan nan da muke kallo a talabijin ɗin Kawu a Jega? Ni ina leƙe ta bayan labule, kai kana yaba yadda suke iya faɗuwa daga sama ba su karye ba. Amma kullum sai ka ce, "Waɗanga tun ba su shigo ba an rubuta wanda za shi hwaɗi." Ban taɓa gaya maka ba, Baba, ni abin da ya sa nake son ta ke nan. Kamar littattafaina na soyayya take, komai wuya na san jarumin zai tashi a shafin ƙarshe.

Bana da kaka wani ɗan takara ya shirya kokowa a garin Giwa Tazo. Yaya Umaru, wanda ya gaji ɗamararka, ya kai wasan ƙarshe, shi da ɗan kokowar ɗan takarar. Sai ga mutanensa har zaurenmu a Aliero. Suka ce mai gidansu ba ya son a ji kalmar kaye kusa da sunansa ana gab da zaɓe, Yaya ya daure ya kai gwiwa ƙasa, su kuma za su kawo injin ban-ruwa. Ka san tun da naka ya lalace, da guga yake shayar da albasarmu, tafin hannunsa duk ya tsage.

Ga abin kunyar da ya sa na rubuto. Ni so na yi ya yarda. Na ce a raina, ai faɗuwa ɗaya ce, kuma an ma rubuta mata ƙarshe mai daɗi. Shi kuwa ruwa kawai ya ba su.

Ranar wasan, bayan la'asar, na raka Inna Hauwa sayar da gyaɗa, na tsaya can baya ina kallo ta gefen hijabi. Abokin karawar ya fito sanye da singileti mai hoton ɗan takara a gadon baya. Makaɗa suna ta faɗin nasu ba ya shan kaye, ba a san ko ɗan kokowar suke nufi ko mai hoton ba.

Sun daɗe a sarƙe. Sau ɗaya na ga gwiwar Yaya ta lanƙwashe, a nan na gane ashe ba na son ya faɗi. Sai ya yi irin shigar nan taka ta ƙafar hagu. Mutumin ya tafi da baya, hoto da yashi suka gaisa.

Wani tsoho ya ce to, Honorabul ya sha kaye tun ba a kaɗa ƙuri'a ba. Fili ya ɗauki shewa.

Yaya bai yi tsalle ba. Ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ya juya shi, ya shiga kakkaɓe masa yashin baya kamar yadda kake yi wa duk wanda ka kayar. A hankali, har da saitin idon hoton. Shi kansa ɗan takarar sai da ya rufe fuska da hula yana dariya.

Injin bai zo ba, ba ma sa rai. Yanzu da hantsi nakan ajiye littafi in bi Yaya fadama, shi ya ja guga ni in bi kwamin albasa ina zubawa. Bai san na taɓa yi masa fatan faɗuwa ba. Kai kaɗai na gaya wa, sai masu karanta wannan.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata makwancinka. Ranar da za a tashe mu daga ƙasa, Allah ya kakkaɓe maka zunubanka yadda ka kakkaɓe bayan mutane.

Ɗiyarka mai leƙe ta bayan labule,
Hajara